Gawayin da Aka Rataya Mini a Ƙofa

Ummi, ke da ƙaninki Nasiru kun ɗauka ban ji ku ba ranar da kuka zo taya ni gyaran ɗaki. Kun buɗe tsohuwar akwatina, kuka tarar da guntun gawayi ƙulle cikin farin ƙyalle, kuka kalli juna, Nasiru ya ce da faransanci wai ashe Mama ma tana da ɗan asirinta. Na ji sarai. Gwiwoyina ne suka gaji, kunnena lafiyarsa ƙalau. Ban ce muku komai ba don raina ya ɓaci, kuma kin san ni, idan raina ya ɓaci magana ba ta fito mini daidai. Yanzu da cikinki ya shiga wata takwas, na ga gara in zauna in rubuta miki labarin gawayin nan da hannuna. Babanku yana ba da shi a wurin abokansa don a yi dariya, yana tsallake duk inda ba dariya. Ni zan faɗa miki har da inda na ji kunya.

A lokacin muna Vénissieux, a gefen birnin Lyon na Faransa, a hawa na tara cikin dogayen gidajen Minguettes, shekarata ɗaya da ƴan watanni da zuwa daga Damagaram. Babanku ya gama karatunsa na injiniya a Lyon, ya samu aiki, ya je gida ya ɗauko ni. Ban ji daɗin Faransa ba da farko, amma na fara sabawa. Na san bas ɗin da zai kai ni tashar metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na san shagon da ke sayar da kuka da daddawa a unguwar La Guillotière, ina da matan Maradi biyu da muke yi wa juna kitso. Ina da cikinki na wata huɗu sai wata rana da yamma babanku ya shigo, ko takalmi bai cire ba, ya ce kamfaninsu zai tura shi Koriya shekara biyu, wani gari a bakin teku da ake kira Busan, inda ake ƙera wani ƙaton jirgin ruwa. Na ce ina ne Koriya kuma? Ya ɗauko taswira ya ɗora yatsa a kan Faransa, ya ja shi, ya ja shi, har sai da yatsan ya kusa faɗowa daga bakin takardar. Na zauna a ƙasa.

Kin san al'adarmu, haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Uwa ce ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke tsaye a kan mai jego har kwana arba'in. Inna ta riga ta sa an yi wa ɗakina yaɓe, ta fara tara itace tun ranar da ta ji labarin cikin. Na je La Guillotière wajen masu ɗakunan waya, na kira gidan maƙwabcinmu da ke da tarho, aka aika aka kirawo ta. Bayan mun gaisa na faɗa mata zan bi babanku.

"Ramatu, ban ji ba. Sake faɗa."

"Inna, zan bi shi. Can zan haihu."

"A wace ƙasa? Akwai Musulmi? Akwai wanda ya san ubanki?"

"Akwai asibitoci masu kyau, Inna."

"Asibiti na tambaye ki? Asibiti ne zai zo miki barka? Ranar suna wa zai shigo ɗakinki, wa zai ci tuwon? Jikata ta fari za a raɗa wa suna ɗaki wayam, sai ka ce ƴar tsintuwa?"

Nan taurin kaina ya motsa, wanda a wurinta na gado shi. Na ce mata in Allah ya yarda ranar suna ɗakina zai cika da mata har a rasa wurin zama, kuma zan ɗauki hoto in aiko mata ta gani da idonta. Can ta ce, "To, ina jiran hoton," ta miƙa wa maƙwabci wayar ba ta ko yi mini sallama ba.

Goggo Nana, ƙanwar Inna da ke La Courneuve kusa da Paris, ta yi ƙoƙarin raba gardama. Ta kira ni Paris, na kwana uku a gidanta. Ta ce tunda na ƙi zuwa gida, in zauna wurinta in haihu, ta yi mini jego yadda ya kamata, a yi suna cikin ƴan uwa, in na yi arba'in in bi mijina. Magana ce ta hankali, yau na sani. Amma a lokacin ina ganin idan na bar babanku ya tafi shi kaɗai ƙarshen duniya, ya sauka a inda ba mai dafa masa abin da zai iya ci, ban cika mata ba. Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba: ina son in ga tekun nan. Goggo ta raka ni tasha, ta cusa mini ƙullin kanwa da garin gero a jaka, ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, ke da uwarki duk kanku ɗaya."

Ummi, ban taɓa shan mamaki a rayuwata irin na watannin farko a Busan ba. Ni da na tashi a garin da ake auna ruwa da tulu, sai ga ni a gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa, yana motsi ba dare ba rana, ba mai kaɗa shi. Garin kuma a jikin duwatsu aka manna shi, gida kan gida, in za ka je ko'ina sai ka hau matakala ko ka sauka. Kamfani ya so ya ajiye mu a unguwar Turawa can nesa, babanku ya ƙi, ya kama mana ƙasan wani gida a kan tudu kusa da wurin aikinsa. Daga titi zuwa ƙofarmu matakala saba'in da huɗu ne, na ƙirga su da cikina a gaba. Mai gidan wata tsohuwa ce da ke zaune a sama ita kaɗai, gajeriya, bayanta ya ɗan ranƙwafa, hannuwanta kamar na maƙeri. Kowa a unguwar yana ce mata Halmoni, wato Kaka a harshensu, mu ma muka bi sahu. Ranar farko da na taka daɓen ɗaki na ji shi da zafi, na yi tsalle na fice waje ina salati, ina ce wa babanku gobara ta kama ƙarƙashin gida. Ashe haka suke ɗumama ɗaki, ta ƙasa. Halmoni ta leƙo daga sama ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Babanku yana fita da safe sai yamma, ni kuma ba na iya zaman ɗaki, sai na riƙa yawo. Na shiga kasuwar kifi na ga abubuwan da ban san Allah ya halitta ba. Wata mata ta tsamo wani abu mai hannuwa takwas daga kwatarniya, ta yanka shi gunduwa-gunduwa a faranti, gunduwoyin suna ta mutsu-mutsu, wani mutum da rigar ofis ya tsoma a mai ya jefa a baki. Na ce innalillahi da ƙarfi har aka waiwayo. Wata rana na bi bakin ruwa na tarar da tsofaffin mata, sa'annin Inna, sanye da baƙaƙen kayan roba suna nutsewa cikin teku ba tare da wata na'ura ba, su daɗe har ka fid da rai, su fito da katantanwa a hannu suna fito da baki. Daga baya na ji Halmoni ma aikinta ke nan kafin ƙirjinta ya hana ta. Ni ma na zama abin kallo. Yara suna bina, wata tsohuwa a bas ta kama hannuna ta murza da yatsa ta duba ko zai goge. Na fisge hannuna na ce mata da Hausa, "Ba ya fita, baiwar Allah, haka aka yi ni."

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka yi kama da mu. Ba a shiga ɗaki da takalmi. A ƙasa ake zama a ci abinci. Yaro ba ya miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, kuma sai ya rusuna. Da na soya ƙosai na kai wa matar da ke da kanti a gindin tudu, washegari kwanona ya dawo da lemo a ciki. Na ce a raina, ai waɗannan mutanenmu ne, harshe ne kawai ya raba mu. Nan na yi kuskurena, na ɗauka tunda sun yi kama da mu a abu huɗu, sun yi kama da mu a komai. Sai na shiga aikin tara ƴan suna. Duk mako sai na soya wani abu na bi gida-gida, ina hawa ina sauka, ina haki. Kafin watan haihuwata ya kama na san mata goma sha tara da fuska, suna yi mini murmushi, suna shafa cikina. Ina nuna musu cikin, in nuna yatsu bakwai, in nuna ƙofata, in kai hannu baki alamar cin abinci. Suna gyaɗa kai suna dariya. Halmoni ce kaɗai da na yi mata haka ta haɗe rai, ta gicciye hannuwanta biyu a ƙirji, ta yi wata doguwar magana. Na ce tsohuwa ce, ba ta son hayaniya a gidanta, za ta haƙura.

Na haife ki ranar Talata da hantsi, lafiya lau. Kwana uku aka sallame mu. Babanku yana riƙe da ke, ni ina bin matakala a hankali ina dafa bango, har muka kai ƙofarmu. Ina ɗaga kai sai na ga igiya. An murɗa ta da karan shinkafa, an ɗaure ta daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan, an soke ta da ƴan rassan wata bishiya mai ganye kamar allura, kuma a tsakaninsu an rataya gawayi, guntu-guntu, baƙi ƙirin.

"Malam, mene ne wannan?"

"Ban sani ba. Ƙila ado ne nasu. Mu shiga, iska na kaɗa yarinyar."

"Ado? Da gawayi? A ƙofar baƙaƙen fata kaɗai a duk unguwar nan?"

Kada ki ga laifina da sauri. A Minguettes an taɓa rubuta mana wata kalma a jikin akwatin wasiƙunmu, babanku ya goge ta da soso ina kallo. Na san yadda ake gaya wa mutum ba a son sa ba tare da an buɗe baki ba. In kuma ba zagi ba ne, to a garinmu wa yake ɗaura wa mai jego ƙulle-ƙulle a bakin ƙofa in ba mai mugun nufi ba? Na karanta Ayatul Kursiyyu, na sa hannu na tsinke igiyar na jefa ta bayan gida. Washegari da safe babanku ya buɗe ƙofa zai fita, ga ta nan an mayar, an ɗaure wurin da na tsinka. Na sake cirewa. Aka sake mayarwa. Rana ta uku na laɓe a bayan labule na ga mai yi: Halmoni ce, ta taka wata ƴar kujera tana ɗaurawa tana gunaguni.

Ba nan ta tsaya ba. Kullum da safe sai ta turo ƙofa ba sallama, da wani ƙyalle ɗaure a baki da hanci, ta dire mini kwano cike da wata miya baƙa-baƙa mai yauƙi, ciyawar teku ce aka dafa, tana ƙarnin ruwa. In na buɗe taga ta rufe. Ta je ta murɗa abin ɗumama daɓe har ɗakin ya koma tanderu. Ranar da ta same ni ina ɗauraye kofi da ruwan famfo mai sanyi, ta doke mini hannu kamar ƴarta. Ni kuwa duk abin da ta yi ina haɗa shi da gawayin nan. Tana fita nake juye miyar a masai. Babanku ya ce zai tambayi wani a wurin aiki, na ce kada ya kuskura ya kai mana abin kunya ofis a yi da mu. Shi ke dafa mini ruwan wanka kafin ya fita, in yi da tawul tunda ba ganye, in dama kununa da kanwar Goggo, in sha ina hawaye.

Ranar suna ta zo. Rago ya gagara samuwa a garin, babanku ya samo baƙin bunsuru ta hannun mutanen masallaci, can aka yanka, can liman ya yi addu'a aka raɗa miki sunan Inna, shi ya sa har yau ban taɓa kiran ki da shi ba. Ni kuwa tun da gari ya waye nake tsaye a kan wuta, mace mai kwana bakwai da haihuwa. Na dafa shinkafar mutum talatin, na yi miya da naman da babanku ya kawo, na soya cincin. Na yi wanka, na ɗaura zanen da Inna ta ba ni na aure, na sa miki farar riga, na shimfiɗa tabarmi, na ajiye kyamara a kan tebur. Azahar ta yi, ba kowa. La'asar ta gabato, ba kowa. Babanku yana zaune a gefe yana jujjuya carbi, ya kasa kallona. Maganar Inna ce kawai ke yawo a kaina, ɗaki wayam, ƴar tsintuwa.

Sai na je taga na leƙa. Halmoni tana zaune a kan ƴar kujerarta a tsakiyar matakala, ta tare hanya. Ina kallo matar kanti ta hawo da ƙunshi a hannu, ta yi ado, wata tana biye da ita. Halmoni ta miƙe, ta nuna musu igiyar ƙofata, ta yi musu faɗa, ta karɓi ƙunshin ta ajiye a gefenta, ta kora su. Suka rusuna suka juya. Da na duba da kyau sai na ga ƙunshi ya fi goma jere a bayanta. Ashe sun zo. Tun safe suke zuwa tana mayar da su.

Ban san lokacin da na fita ba, ba takalmi, ba mayafi. Na fisgo igiyar daga ƙofa, na sauka matakalar nan ina ihu. Na zage ta da Hausa, na ƙara da faransanci, na ce mata mayya, na ce mata me na tsare miki, me jaririyata ta yi miki. Ta miƙe tana nuna ƙafafuna, tana nuna ɗaki, tana ɗaga murya ita ma. Na dunƙule igiyar na jefe ta da ita iya ƙarfina. Wani guntun gawayi ya same ta a saman gira, wurin ya fashe, jini ya gangaro mata a kunci. Matar da ta girmi uwata, Ummi. Na ga jinin, na buɗe baki, sai na ji wani ɗumi yana bin ƙafafuna. Na duba ƙasa na ga nawa jinin a kan matakala, ya fi nata yawa nesa ba kusa ba, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba.

Babanku ne ya ba ni labarin sauran. Ya fito da ke a hannu ya rasa yadda zai yi, ya ajiye ki ya ɗauke ni ko ya riƙe ki. Kafin ya gama shawara Halmoni ta durƙusa, ta jawo hannuwana ta kafaɗunta, ta goya ni. Tsohuwar da ƙirji ya hana aiki, ita ta sauko da ni ragowar matakalar nan har titi, jini na zuba a fuskarta, tana ƙwala wa masu mota kira. Likita ya ce wa babanku da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani.

Kwana biyu bayan haka ina kwance a asibiti, wata mata ta shigo, Madam Pak, matar wani abokin aikin babanku, ta yi karatu a Faransa tana jin faransanci. Ta zauna ta tambayi jikina, sannan ta ce mijinta ya gaya mata abin da ya faru, ko zan yarda ta yi mini bayani. Na ce ina ji.

"A wurinmu, idan mace ta haihu, kwana ashirin da ɗaya ba mai shiga ɗakinta sai mai kula da ita. Ko dangi ba sa shiga. Jariri bai yi ƙwari ba, uwa ma jikinta a buɗe yake. Igiyar ita ke gaya wa mutane su tsaya a waje."

"Gawayin fa?"

"Gawayi yana tsarkake abu, a cikin tulun miya ma muna sa shi. Kuma alama ce an samu ƴa mace. Da namiji ne, da jan barkono za ki gani."

"Ba don mu baƙaƙe ba ne?"

Ta dube ni, ta ɗora hannu a baki, idonta ya kawo ruwa. Ta ce yanzu a birni kusan ba mai yin igiyar nan, sai tsofaffin ƙauye. Ta ce ta hau ta gaida Halmoni, tsohuwar ta gaya mata cewa tun cikina yana wata takwas ta shiga mota ta tafi ƙauyensu ta samo karan shinkafa mai tsabta, ta zauna ta murɗa igiyar da hannunta, don ta ga yarinyar nan ba ta da uwa a kusa. Miyar kuma ita ce abincin mai jego a ƙasar, tana wanke ciki tana kawo nono, kuma uwa ce ke dafa wa ƴarta. Na tuna duk kwanukan da na juye a masai. Na juya fuskata bango na ja bargo na rufe kaina.

Da aka sallame ni, abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kiran Inna. Ranar suna ta wuni a gidan maƙwabci tana jiran tarho bai yi ƙara ba. Na yi niyyar in yi mata ƙarya, in ce an yi taro an watse lafiya. Da na ji muryarta sai na kasa, na kwashe komai na faɗa mata, har jifan. Na jira ta ce ai na gaya miki. Ba ta ce ba.

"Tsohuwar nan, kin ce tana rufe taga?"

"E, Inna."

"Ta hana ki taɓa ruwan sanyi?"

"Har dukan hannuna ta yi."

"Tana kawo miki abu mai zafi da safe?"

"Kullum."

"Ramatu, to ai aikina take yi. Ni kika jefa." Ta ƙara da cewa, "Ki ajiye wayar nan ki je ki durƙusa mata. Kada ki sake kirana sai kin yi."

Na hau sama da rarrafe don ƙafafuna ba ƙarfi. Na same ta zaune tana tsinke wake, da filasta a gira. Ba ni da kalma ko ɗaya ta ba da haƙuri a harshenta. Na durƙusa na kama ƙafafunta na yi ta kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ɗaka mini duka a kafaɗa, ta nuna daɓe mai sanyi da na durƙusa a kai tana faɗa, ta tasa ni gaba har ɗakina. Ta kawo miyar nan ta zauna a gabana ta tsare ni da ido sai da na shanye. Igiyar kuwa ni da kaina na riƙe mata kujera ta mayar da ita.

Ranar da muka cika kwana ashirin da biyu, da hantsi, ta kwance igiyar ta buɗe ƙofa. Ummi, sun zo. Duka sha taran sun zo, har da waɗanda ban taɓa kai wa ƙosai ba. Takalma sun cika bakin ƙofa sun gangara kan matakala. Suka kawo ƴan riguna da zaren auduga da wainar shinkafa, suna karɓar ki hannu-hannu, suna ƙoƙarin faɗin sunanki suna kasawa. Babanku ya hau kan tebur kafin ya iya haɗa mu a hoto ɗaya. Hoton nan da ke bangon falo ke nan, wanda kuke cewa na ranar sunanki ne ban taɓa gyara muku ba. Na aika wa Goggo Nana shi a La Courneuve, ta ba wani mai tafiya gida. Bayan wata biyu kaset ya iso daga Inna. Ta ce ta ga hoto, ta ƙirga mutum ashirin da shida, ta nuna wa duk unguwa. Ta ce wadda ke riƙe da jaririya mai tabo a gira ita ce ko? A gaishe ta, a ce mata uwar Ramatu ta gode. Ta haɗo da turmin atamfa a ba ta.

Inna ba ta taɓa ɗaukar ki ba. Saura wata biyar mu gama shekara biyun nan ta kwanta ciwon kwana huɗu ta rasu, ina can bakin teku. Da na je gida daga baya na tarar da itacen da ta tara mini yana nan a jingine bayan ɗaki, ta hana kowa ya taɓa. Wannan shi ne abin da taurin kaina ya ci mini, kuma ba na son ku riƙa cewa babanku ne ya ja ni, ni na zaɓa. Ranar da za mu bar Busan, Halmoni ta raka mu har titi sanye da rigar da ta ɗinka da atamfar Inna. Ta kama hannuna ta danƙa mini wani abu a ƙyalle, ta nuna girarta, ta yi dariya. Guntun da na jefe ta da shi ne, ta tsince shi ta adana. Shi ne asirin da kuka gani a akwatina.

Makon jiya kin ce mini ke ba ruwanki da jego irin na da, ungozomar asibiti ta ce ki yi harkokinki, kuma ƙawayenki na wurin aiki za su zo ganin jariri tun ranar da aka sallame ki. To ga amsata. Suna ranar bakwai za mu yi shi, mazan su je masallaci, wannan ba fashi. Amma na ga gidanku na La Guillotière, hawa na uku ne, ba asansar mai ɗaga mutum sama, matakalar kuma mutum ɗaya take ɗauka. Na samu shagon ƴan Asiya a bayan layinku da ke sayar da ciyawar tekun nan busasshiya, kanwa kuma ina da ita. Ki gaya wa ƙawayenki su zo da ƙunshinsu, zan karɓa a kan matakala in yi musu godiya su juya, sai kwana ashirin da ɗaya sun cika. In ranki ya ɓaci ki jefe ni da abin da hannunki ya kai gare shi, ba inda zan motsa. Ƴar kujerar ma na riga na saya.